Hukuncin Tura Fim Da Wa'azi A Waya

Bayan haka, mutum a Dingyadi yakan miƙa wayarsa ga mai tura finafinai, ya biya 'yan kuɗi a cika masa ita, ya tafi yana ganin cinikinsa halal ne. To, me ya saya?

Wanda ya sayi faifai na asali, faifan ya zama nasa: ya ba da aro, ya yi kyauta, magada su gada. Amma izinin kwafa don sayarwa yana hannun mai aikin. Mai turawa kuwa ya sayar da abin da bai mallaka ba, kuma a Malikiyya irin wannan ciniki rataye yake ga yardar mai abu.

Wani zai ce ai magabata sun kwafi littattafan Shehu Usmanu da hannu, ba wanda ya hana. Hakika, amma Shehu yaɗuwarsu yake so, ba da su yake ci ba. Mai shirya fim a Kano sau da yawa bashi yake ci kafin aiki ya fito. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar shari'a tana kare haƙƙin mawallafi, bai halatta a keta shi ba.

Malamin da ya saki wa'azinsa don Allah, babu laifi a tura. Wallahu a'alamu.