Kafin ki ɗaure yaji a akwati

Aikina kula da yara lokacin cin abincin rana a wata makarantar firamare a Ingila. Ina roƙon iyaye masu shirin tahowa da yara, ko don karatu ko don aiki, su karanta wannan kafin su rufe akwati.

Wata rana wani yaro ɗan shekara 6, sati biyu da zuwansu daga gida, ya buɗe kularsa. Shinkafa da wake ce da mai da yaji. Ƙamshin na ji tun daga nesa na san yajin ƙuli ne. Yarinyar da ke kusa da shi kuwa jikinta ba ya jituwa da gyaɗa, har allurarta muke ajiye da ita a ofis. Ga shi ya riga ya miƙa mata cokali, haka aka tarbiyyantar da shi, ba a ci a hana na kusa. Allah Ya sa na iso kafin ta karɓa. Da na kira uwar, cewa ta yi, “Yaya, ai ban sa gyaɗa ba, yaji ne kawai.” Gaskiya ta faɗa iya saninta.

Mu gyaɗa ta shiga abincinmu har mun daina ganinta. Tana cikin yajin tsire, tana cikin labun kilishi, kwaɗon zogale ba ya yiwuwa sai da ƙuli, ga ƙosan da aka soya da man gyaɗa na gida. Mun saba ɗaukar irin wannan larura a matsayin borin jini, a yi ƙaiƙayi a warke. Wasu yaran maƙogwaro ne ke kumbura, numfashi ya toshe cikin mintuna, sai an soka allurar adiranalin a cinya an kira lambar gaggawa ta 999. Riɗi ma haka yake. A 2016 wata yarinya, Natasha Ednan-Laperouse, mai shekara 15, ta rasu bayan ta ci burodi mai riɗi da ta saya a filin jirgin Heathrow, kuma dalilinta ne aka yi dokar rubuta kayan haɗin abinci da ta fara aiki a Oktoban 2021. Saboda haka kantun riɗi ma a tambaya tukuna. Makarantu da dama sun hana gyaɗa gaba ɗaya, amma kowace da ƙa'idarta, sai ki nemi taku a rubuce ranar da kika je rajista.

Batun akwati kuma gajere ne. Ba a shiga Birtaniya da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu, don haka kilishi da dambun nama da man shanu a cinye su a gida. Yajin yara ki daka daban, barkono da citta da kanumfari ba ƙuli, ki rubuta a jikin robar.

A Ingila, makarantun gwamnati suna ciyar da yara kyauta a shekaru ukun farko na firamare, kuma kina iya tambaya ko akwai na halal. Ga wanda zai riƙa zuwa da kula, ki zaunar da shi tun kafin ku hau jirgi, ki gaya masa a makaranta ba a musayar abinci, ki kuma faɗa masa dalili, don kada ya ɗauka rowa kike koya masa.