Liƙin Dalma: Darasi Daga Takobi Mai Haske

A cikin labaran da ƙungiyar wasan kwaikwayo takan nuna mana a dandalin makaranta, akwai labarin faɗuwar Adamu da Hauwa'u. Littafin Farawa, sura 3, aya 24, ya rufe labarin da kerubobi da kuma takobi mai wuta da aka sa domin tsaron hanyar itacen rai. To, takobin katako da aka shafa wa jan fenti ba ya tsorata ko ɗan aji ɗaya. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana wa ɗalibai da iyaye yadda ake haɗa takobi mai haske, da kuma aikin hannun da ke riƙe da shi, wato liƙin dalma.

Wasunmu sun ga takubban haske a fim ɗin Star Wars na George Lucas, wanda ya fito a Amurka a 1977. A wancan fim, bayan an gama ɗauka ne aka ƙara hasken a kan hotunan, ɗaya bayan ɗaya. Mu a dandali ba mu da wannan dama. Dole haskenmu ya fito daga batir da waya, a gaban idon jama'a, kuma ya jure lilo da girgiza a hannun mai wasa.

Kayan Aiki

Muna bukatar bututun roba mai barin haske ya wuce, tsawon kamar santimita 75, domin ruwan takobi. Sai guntun bututun ruwa mai kauri domin mariƙi, da batir uku na bolt 1.5 tare da gidansu, da makunni, da wayar jan ƙarfe. Sai ƙananan ƙwayayen fitila 20 jajaye, irin waɗanda ake kira LED. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Nick Holonyak ne ya yi jan LED a 1962. Yau ga shi a tocila da rediyo da waya, ba ya cin batir da yawa, ba ya kuma zafi kamar ƙwan fitila na da. A ƙarshe muna bukatar ƙarfen liƙi na lantarki mai ƙarfin wat 25 zuwa 40, da dalmar liƙi, da jiƙaƙƙen soso, da filaya.

Mene Ne Dalmar Liƙi?

Ko da yake muna kiranta dalma, gauraye ce ta kuza da dalma. Kuzan nan shi ne wanda aka daɗe ana haƙa a ƙasar Jos. Kuza kaɗai yana narkewa a digiri 232 a ma'aunin Selsiyos, dalma kaɗai kuma a digiri 327. Amma idan aka gauraya kuza kashi 63 da dalma kashi 37, sai su narke a digiri 183, ƙasa da kowannensu. A tsakiyar wayar dalmar akwai wani ƙaro da ake samu daga itacen fayin. Aikinsa shi ne ya cinye dattin da iska ke sa wa jan ƙarfe, domin dalma ba ta kama ƙarfe mai datti. Tun daga 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a yawancin kayan lantarki, don haka akwai wata irin da ake yi da kuza da azurfa da jan ƙarfe, mai narkewa a wajen digiri 217. Idan an same ta, ita ta fi dacewa da makaranta.

Ɗan Lissafi

Kafin mu taɓa ƙarfen liƙi, bari mu ɗauki alli. Batir uku suna ba da bolt 4.5. Jan LED yana bukatar kamar bolt 2 ne kawai, da wuta miliamfiya 20, wato amfiya 0.02. Idan muka haɗa shi kai tsaye da batir zai ƙone. Saboda haka kowane ƙwai muna sa masa rezisto, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta. Dokar da Georg Ohm na Jamus ya wallafa a 1827 ta ba mu girmansa: mu cire 2 daga 4.5, saura 2.5, mu raba da 0.02, mu sami om 125. Sai mu sayi na om 150, wanda ya ɗan fi, domin ƙwan ya daɗe. 'Yan aji huɗu da ke tambaya ina amfanin wannan doka, ga amsarku.

Za mu shimfiɗa wayoyi biyu na jan ƙarfe a kan siririn katako, ɗaya ta wuta mai alamar tarawa, ɗaya mai alamar ɗebewa, mu jera ƙwayayen a tsakaninsu kamar matakan tsani. Doguwar ƙafar LED tana fuskantar wayar tarawa. Idan aka juya shi ba zai kama ba. Kowane ƙwai yana da mahaɗi uku, ke nan mahaɗi 60, ban da na makunni da gidan batir.

Yadda Ake Liƙi

Da farko mu kankare wayoyin har jan ƙarfen ya yi ƙyalli. Mu bar ƙarfen liƙi ya yi zafi sosai, mu goge bakinsa a jiƙaƙƙen soso, mu shafa masa dalma kaɗan. Sa'an nan mu murɗe ƙafar rezisto a jikin waya yadda za su riƙe juna tun kafin a liƙa.

Ga inda masu koyo suka fi tuntuɓe. Sukan narkar da dalma a bakin ƙarfen, su ɗiga ta a kan waya mai sanyi. Ƙa'idar ita ce a gasa mahaɗin, mahaɗin kuma ya narkar da dalmar. Mu ɗora bakin ƙarfen ya taɓa wayoyin biyu tare, mu ƙirga ɗaya, biyu, sa'an nan mu kawo dalma ta ɗaya gefen. Da ta malale ta shiga tsakanin wayoyin, sai mu janye dalmar, mu janye ƙarfen, mu bar mahaɗin ya huce ba tare da motsa shi ko hura masa iska ba. Duka kada ya wuce daƙiƙa uku ko huɗu, gama zafi mai yawa yana lalata LED.

Mahaɗi mai kyau sumul yake, dalmar ta kwanta a jikin waya kamar man shanu a kan tuwo mai zafi. Mahaɗin da bai gasu ba kuwa yakan yi tudu kamar ɗigon ruwa a kan ganye. Irin wannan zai iya kawo wuta a kan tebur, amma da an yi lilo da takobin sau biyu sai ya saki. Idan na ƙwai ɗaya ne, ƙwai ɗaya zai mutu. Idan na babbar waya ne a cikin mariƙi, takobin duka zai yi duhu a tsakiyar wasa. Muna ba da shawara kowane ɗalibi ya yi mahaɗi 20 a kan guntayen waya kafin a ba shi LED ko ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Kiyaye Lafiya

Bakin ƙarfen liƙi yakan wuce digiri 300. A ajiye shi a mazauninsa kullum, kuma idan ya suɓuce kada a yi ƙoƙarin cafke shi. Wanda ya ƙone ya sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, a kuma sanar da malami. A buɗe tagogi, gama hayaƙin ƙaron yana damun huhu. A cire batir kafin liƙi, kada kuma a yi liƙi a jikin batir. Dalma guba ce. Ba mu manta da ɗaruruwan yaran da ta kashe a ƙauyukan haƙar zinariya na Jihar Zamfara a 2010 ba. Kada a sa ta a baki, kada a ci abinci a wurin aiki, a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Haɗawa da Gwaji

Mu gwada ƙwayayen biyar-biyar yayin da muke tafiya, domin a gano kuskure da wuri. Idan duka 20 sun kama, mu naɗe wayoyin da baƙin salatif kada su taɓa juna. Mu goge bututun da sanfefa, mu sa farar takarda mara kauri a ciki, domin hasken ya bazu ya zama kamar harshen wuta guda. Gidan batir da makunni su shiga mariƙi. Daga nan mu kunna, mu girgiza takobin da ƙarfi. Idan hasken ya yi ƙyaftawa, akwai mahaɗin da ke bukatar a sake gasa shi.

Ranar wasa jama'a za su tafa wa mala'ika da takobinsa, ba wanda zai ga mahaɗi 60 da ke ɓoye a ciki. Amma su ne za su sa takobin ya haskaka ko ya mutu. Ubangijinmu Yesu ya koyar a Luka 16:10 cewa amincin mutum a ƙaramin abu shi ke nuna yadda zai yi da babba. Bari mu riƙe wannan a ɗakin gwaji, da ɗakin jarrabawa, da duk aikin da aka ba mu inda ba idon malami. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu.