In Motar Auduga Ta Yi Zafi A Hanya

Manoma, yawancin motocin da kuke haya don kai auduga kasuwa tsofaffi ne. Wata akori-kurar, irin Peugeot 504 da aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, ta girmi direbanta. In inji ya ƙone a daji, auduga za ta kwana cikin ƙura, daraja ta ragu, ranar awo kuma ta wuce. Saboda haka ya kamata mai kaya ma ya san abin da za a duba.

In allurar zafi ta hau ja, ko tururi ya fito, a tsaya nan da nan, a kashe inji. Kada kowa ya buɗe murfin lagireto sai bayan kamar minti 30. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma wanda ke cikin lagireto a matse yake, yakan wuce haka, ya yi tsartuwa ya ƙona fuska. Kada kuma a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, kan injin yana iya tsagewa.

Da ya huce, a fara duba gaban lagireto. Nan ne tamu matsalar take. Zaren auduga da ƙaiƙayi suna toshe ƙananan ramukansa, iska ta kasa wucewa. A share da tsintsiya mai laushi, ba da ƙusa ba. Sa'an nan a danna fambel da yatsa. In ya saki ƙwarai, fanka da famfon ruwa ba su juyawa sosai, sai a ɗaure shi. A bi tiyo a ga ko yana yoyo, a leƙa ƙarƙashin mota ko ƙasa ta jiƙe.

To, in ruwa yana raguwa ba a ga yoyo ba, a zaro sandar awon baƙin mai. In man ya yi fari-fari kamar an zuba masa nono, ko salansa tana ta fid da farin hayaƙi, gaskit ya ƙone. Wannan aikin bakanike ne. A sauke kaya a nemi wata mota, ko da direba ya ce za ta kai.

Wasu direbobi suna cika lagireto da ruwan tafki. Laka ce suke zubawa, ita ce ke toshe shi daga ciki. Kafin ku yi lodi, ku ga jarkar ruwa mai tsabta a motar da idonku. A watan Maris da Afrilu kuwa, a tashi da asuba.