Darasi na Tara: Tantance Mahaɗar Sauti Kafin Saye

9.1 Gabatarwa

Malamin Hausa ba ya rabuwa da waƙa. Ko dai ya fita farautar waƙoƙin baka wurin makaɗa, ko ya naɗi waƙar da ɗalibansa suka rera domin nazari a aji. A da rediyo mai kaset ake rungumowa. A yau kwamfuta ce ke ɗaukar sautin, amma ba ta jin makirufon ƙwararru kai tsaye sai an sa wata 'yar na'ura a tsakani. Ita ce a wannan darasi aka kira mahaɗar sauti, masu situdiyo kuma suka fi saninta da saun-kad. Za a duba abubuwan da ya kamata malami ya auna kafin ya zuba kuɗin sashensa a kanta, domin kuɗin makaranta idan suka fita ba su cika dawowa ba.

9.2 Aikin Mahaɗar Sauti

Sautin da makirufo ke fitarwa rarrauna ne ƙwarai. Mahaɗar takan ɗaga shi tukuna, sannan ta mayar da shi lambobin da kwamfuta ke ganewa. Takan yi haka ta hanyar auna sautin sau dubbai a daƙiƙa guda. Faifan CD yana amfani da awo 44,100 a daƙiƙa da bit 16, harkar fim kuwa 48,000. Kunnen ɗan Adam ba ya wuce hez 20,000, kuma awo 44,100 ya ishe shi. Saboda haka kada lambar 192,000 da ake bugawa a jikin kwali ta ruɗi mai saye. Abin da ya fi amfani shi ne bit 24, domin yana barin sarari tsakanin muryar mai tatsuniya da dukan ganga ba tare da sautin ya fashe ba.

9.3 Wa Za A Ɗauka?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma ita aka fi mantawa da ita. Mawaƙi irin marigayi Ɗanmaraya Jos, shi kaɗai da kuntiginsa, kafa biyu ta wadatar: ɗaya ta murya, ɗaya ta kiɗa. Ƙananan mahaɗai irin Focusrite Scarlett 2i2 da Behringer UMC202HD na wannan aji ne. To amma ƙungiya irin ta marigayi Musa Ɗanƙwairo, mai jagora da 'yan amshi da masu kotso, tana buƙatar kafa huɗu ko fiye. Idan aka cusa su a kafa biyu, kiɗa zai danne baiti, mai nazari ya zauna rubuta waƙa ya kasa rarrabe kalma. Makaɗin kuwa mai yiwuwa ba za a sake samunsa ba, tun da yawancin masu wannan fasaha dattawa ne.

Sai kuma irin makirufon. Na kwandensa ba ya aiki sai an ba shi wutar bolt 48 da ake kira fantom, don haka a nemi maɓallinta. Na dainamik, irin Shure SM58, ba ya buƙatarta, sai dai yana son a ɗaga shi sosai, kuma a nan ne mahaɗa mai arha ke tona asirin kanta.

9.4 Gwaji A Shago

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ke korar gani. Malami ya tafi da kwamfutarsa da makirufonsa da hedifon ɗinsa, kada ya yarda da na mai shago. Ya haɗa, ya murɗa maɓallin ɗaga murya zuwa kusan ƙarshe, ya yi shiru ya saurara. Idan ya ji shuuu kamar saukar yayyafi, wannan ƙarar za ta bi duk abin da ya ɗauka. Daga nan ya jona cajar kwamfutar a wuta ya sake saurare. Wutar Nijeriya hez 50 ce, kuma gurnaninta kan shiga sauti, musamman idan janareta ake amfani da shi. Mahaɗar da ke shan wuta daga kebul na USB ta fi dacewa da aikin ƙauye, inda batirin kwamfuta kaɗai ake dogara da shi.

Bayan haka ya yi magana ya ji ko muryarsa tana dawowa a makare. Jinkirin da ya fara wuce milisakan 10 yakan rikita mawaƙi ya saki kiɗa. Mahaɗai da yawa suna da maɓallin saurare kai tsaye wanda ke kauce wa wannan matsala. A kwamfuta mai Windows kuma a tabbata kamfanin yana da manhajar direba ta ASIO da ta dace da ita, a girka ta a nan shagon. A ƙarshe a ɗauki minti biyar cur da manhaja irin Audacity, wadda kyauta ce, a saurara ko akwai ƙyas-ƙyas ko tsinkewa. A karɓi rasit, a kuma ji sharaɗin mayarwa kafin a miƙa kuɗi.

9.5 Aiki

An ba sashenku kuɗin mahaɗa guda domin naɗar waƙoƙin 'yan mata na dandali a garinku. Bayyana yawan kafar da za ka nema da irin makirufon da za ka haɗa da ita, tare da dalilanka.