Idon Kwamfuta da Dattin Auduga

Duk wanda ya tashi a ƙasar Zazzau ya san auduga. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanin Turawa na BCGA ya kafa injin gurza a Zariya. A Samaru kuma, ba nisa daga nan Kongo, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta fitar da irin da ake kira SAMCOT. Amma kyawun iri bai isa ba, domin mai masaƙa yana duba tsabta kafin ya saya.

Dattin auduga iri-iri ne. Ganye da yashi injin yakan kakkaɓe su. Babban abokin gaba shi ne zaren buhun taki, wanda manomanmu suke zuba auduga a ciki. Na roba ne. In ya shiga injin sai ya yayyage, a kaɗa shi tare da zare, kuma ba ya shan rini. Sai an gama atamfa a ga farin layi a jikinta, turmi guda ya lalace.

Bari mu ga yadda na'ura take kama datti. A masaƙun zamani iska ce take tura audugar da aka warware ta cikin wani bututu mai gilashi, kyamarori suna ɗaukar hotonta babu tsayawa. Kwamfuta tana raba kowane hoto ɗigo-ɗigo, ta gwada launin kowane ɗigo da na auduga mai tsabta. Da ta ga baƙi ko shuɗi, sai ta fesa iska da ƙarfi a daidai wurin, dattin ya faɗa gefe kafin ƙiftawar ido.

To, farin zare cikin farar auduga fa? A nan gizo ke saƙa, domin launinsu ɗaya. Shi ya sa kamfanoni irin su Uster na Suwizalan da Trützschler na Jamus suka ƙara wasu fitilu na musamman. A ƙarƙashinsu roba tana ƙyalli, ko ta mayar da haske ba yadda auduga take yi ba. Ana kuma koya wa kwamfuta gane datti da dubban hotuna, kamar yadda muke koya wa yara baƙaƙe.

Dalibai, ku lura da abu guda. Na'urar tana da tsada, kuma duk fesawa tana zubar da auduga mai kyau tare da dattin. Mai saye yakan cire wannan hasara daga farashi, manomin Funtuwa ko Soba ya ji a aljihunsa. Shi ya sa malaman gona suke cewa a tara auduga cikin buhun yadin auduga. Ko zarensa ya warware ya shiga ciki, zai sha rini.