RANGWAMEN HARAJI DA SHARAR DA KE KISA

A darasin sha'anin mulki mun saba koya wa yara sunayen hukumomi, su haddace, su rubuta a jarrabawa, su manta. Ni kuwa a wannan fitowa ina so in ɗauki abu biyu ƙanana daga cikin aikin mulkin gari, mu dube su da kyau a nan Gombe, watau rangwamen harajin gidaje da kwashe shara mai guba. Da jin su wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska? To, aljihu ɗaya ne ya haɗa su. Abin da aka yafe a wajen na farko, shi ne a ke rasawa a wajen na biyu.

Mu fara da haraji. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, haraji a kan mutum ya ke, ba a kan gida ba. Mai unguwa ya san magidantansa, dagaci ya tara, hakimi ya kai Baitulmali. Tun a lokacin nan akwai afuwa. Ba a karɓa daga makaho da kuturu da tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, in kuma fari ko fāra ko gobara ta auka wa wani gari, a kan sassauta musu na shekarar. Harajin nan yana da zaluncinsa, shi ya sa talakawa suka yi murna da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke shi tare da jangali a Kano da Kaduna bayan sun hau mulki a 1979. Amma akwai abu guda da ya kamata a lura da shi: wanda aka ɗauke wa haraji duk unguwa ta san shi, ta kuma san dalili. Ba wanda zai yi gunaguni don an ƙyale makaho.

Yau magana ta koma kan gida da fili. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun Gwamna, mai takardar mallaka kuwa yana biyan kuɗin ƙasa ko wace shekara ga gwamnatin jiha. A Gombe hukumar da a ke kira GOGIS ita ke riƙe da taswira da rajistar filaye, an kuwa kafa ta ne bayan da Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya hau a 2019. Wannan daban ya ke da harajin gidaje. Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya ba ƙaramar hukuma aikin ƙiyasta gidajen mutane don a aza musu haraji bisa ga abin da Majalisar Dokokin Jiha ta tsara. In kuka karanta jadawalin nan, za ku ga har wa yau cikinsa aka ɗora wa ƙaramar hukuma kula da makewayi na jama'a da kwashe shara. Waɗanda suka rubuta shi sun san abin da su ke yi. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Sai dai garin ya fi ƙarfin rigarsa. Tun da aka dawo da hedkwatar masarauta nan daga Nafaɗa a 1919, kasuwar auduga da gyaɗa da jirgin ƙasa suka yi ta jawo mutane, sa'an nan aka ƙirƙiro jiha ranar 1 ga Oktoba 1996, gari ya tumbatsa. Ƙaramar hukumar Gombe mazaɓu 11 gare ta, irin su Jekadafari da Pantami da Herwagana da Shamaki da Kumbiya-kumbiya, amma mutumin Tumfure da ke wuni a kasuwar Gombe yana zubar da shararsa a nan, ƙasar Akko ya ke kwana. Don haka yawancin aikin shara ya koma hannun hukumar jiha, GOSEPA. Ga mai karɓa daban, ga mai yafewa daban, ga mai kwashewa daban. Talaka in bola ta toshe masa ƙofa bai san ƙofar wa zai ƙwanƙwasa ba.

To, mene ne rangwame? Hukuma ce ke ce wa mai gida, daga abin da ke kanka an sauke maka kaza, ko an ɗaga maka shekara kaza. Wani don gajiyawa a ke yi masa, kamar gwauruwa mai marayu. Wani don masifa, kamar mutanen da ambaliyar watan Agusta na 2004 ta rusa wa gidaje a garin nan, ko 'yan kasuwar da jihohi suka sassauta wa haraji a 2020 saboda annobar korona. Wani kuma don kwaɗaitarwa ne, a ce wa mai kuɗi zo ka gina masana'anta, mun ɗauke maka shekara biyar. Na farko da na biyu ba ni da ja a kansu. Na ukun nan shi ne ke bukatar ido.

Ga lissafi, na misali ne kawai, kuna iya ba 'yan aji shida. A ce unguwa tana da gida 400, ko wane gida naira 5,000 a shekara. An sami naira 2,000,000 ke nan. A ce an yafe wa gida 40 na gajiyayyu ɗungum, naira 200,000 ta tafi. A ce kuma a bakin titi akwai manyan gine-gine 5 na haya da masauki, ko wanne naira 100,000, mai su ya je ofis ya sha shayi, aka yafe masa rabi. Naira 250,000 ta tafi. Ku duba, mutum guda ya ci fiye da abin da gajiyayyu 40 suka ci, alhali kuwa gine-ginensa sun fi su tara shara nesa ba kusa ba. Kuɗin da aka kashe a sayen mota yana fitowa a kasafi, kansila ya gani ya yi tambaya. Kuɗin da aka yafe kuwa bai taɓa shiga akwati ba balle a nemi inda ya fita. Ra'ayina shi ne, ko wane rangwame a rubuta sunan ginin, da yawan abin da aka sauke, da dalili, da ranar da zai ƙare, a manna a allon sakatariya. A Ingila, tun 1993, wanda ke zaune shi kaɗai a gida a kan sauke masa kashi 25 cikin 100 na harajin gida. Ƙa'ida ce rubutacciya, ba sai ka san wani ba.

Yanzu mu zo ga shara. Sharar kakanninmu toka ce da ƙaiƙayi da kashin awaki, manoma har roƙonta su ke yi su kai gona a kan jakai. Har yanzu akwai masu ɗibar juji su kai gona, amma jujin ya sāke. Shiga ɗakin ajiya na ko wane gida a Bolari ko Nasarawo ka duba. Za ka tarar da matattun baturan tocila da na rediyo, da tsohon batirin sola ko na babur, da kwalbar fiya-fiya, da maganin ɓera, da ragowar maganin feshi da na adana wake, da baƙin mai na janareta, da doguwar fitilar lantarki da ta mutu, da ƙwayoyin asibiti da suka wuce lokaci, wani gidan har da alluran mai ciwon sukari. Duk a bokiti ɗaya a ke zuba su da ɓawon lemo, a ba almajiri ko ƙaramin yaro ya kai bola.

Mafi muni a cikinsu, a ganina, batir mai dalma. Sola ta yawaita saboda rashin wuta, batirinta kuwa 'yan shekaru kaɗan ya ke yi. In ya mutu 'yan gwangwan su saya, a fasa shi da gatari, a tsiyaye ruwansa a ƙasa, a ciro dalmar. Ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dalma ba ta ruɓewa, in ta shiga jikin yaro kuwa ƙwaƙwalwa ta ke taɓawa, likitoci sun ce babu wani ɗan kaɗan nata da ba ya cutarwa. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum na Zamfara. Wancan ta zo da yawa ne aka gani. Wadda ke shiga kaɗan-kaɗan ba ta kisa nan take, sai dai malami ya ga yaro ba ya riƙe karatu, ya ce daƙiƙi ne, ya kai masa bulala. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu masu alli.

Maganin ƙwari ma mun ga aikinsa a gida. A 2008 'yan mata fiye da 100 na wata makarantar kwana a Doma aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci wake mai magani. Galan ɗin da maganin ya ƙare kuwa ba a yar da shi, a kan ɗauraye a zuba man gyaɗa ko ruwan sha. Ɗan batirin nan mai kamar maɓalli na agogo, in yaro ya haɗiye ya maƙale, cikin sa'a biyu ya kan ƙona maƙogwaro. Abin da ya saura mu kan cinna masa wuta da magariba, ko mu jira ruwan sama mu tura a kwari. Garinmu a gangare ya ke, ƙasarsa rairayi, kwaruruka sun tsaga shi, abin da na sama ya zubar na ƙasa ke sha a rijiyarsa.

Dokoki akwai. Bayan da aka jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko a 1988, gwamnati ta yi doka mai tsanani a shekarar, a 2007 kuma aka kafa hukumar NESREA. Amma waɗannan sun fi duban jirgin ruwa da masana'anta. Kwalbar fiya-fiya da ke ƙarƙashin gadon tsohuwa sai hukumar da ke kusa da ita. A da duba-gari ke shiga gida-gida yana leƙa randa, mata na jin an ce ga shi nan sai a hau shara.

Ƙananan garuruwa da yawa a Amurka su kan sa rana ɗaya ko biyu a shekara, kowa ya kawo ragowar fenti da magani da batir wuri guda, ma'aikata su karɓa su rarraba. A Ingila tun 2010 kantin da ke sayar da batura da yawa tilas ya ajiye akwatin karɓar matattu. Ba abin da ya gagare mu a ciki. Muna da ranar tsabtace gari, muna da masu unguwa. Abin da a ke bukata ganguna masu murfi a ƙofar mai unguwa, da ma'aikaci mai safar hannu da takalmi, da mota ɗaya da ba ta haɗa su da sauran shara, da ɗaki mai daɓen siminti da rufi inda za a tara. Dukansu kuɗi ne, irin naira 250,000 ɗin nan da ta tafi a wurin shan shayi.

A nan ne na ke ganin rangwame zai yi amfani. In za a sauke wa mai kanti haraji, a sauke wa mai sayar da batir da ya yarda ya karɓi tsoho ya miƙa inda aka ce, da mai maganin gona da ke karɓar galan ya huda shi don kada a sāke amfani da shi, da bakaniken da ke tara baƙin mai a ganga maimakon kwata. Malamin tsabta ya zo ya ƙirga, a ba shi takarda, ya kai ofishin haraji. In ya daina, rangwame ya faɗi. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a ke ta maganar abin da zai zo daga Abuja. Ni na fi so in ji kansila yana tambayar abin da aka yafe a mazaɓarsa.

Ɗaliban da za su fita koyon koyarwa a zango mai zuwa, ga aiki. Ku sa ko wane yaro ya tambayi babba a gidansu, ya rubuto irin waɗannan kaya guda nawa ke akwai, da inda a ke zubar da su. Ku ja musu kunne, ido da fensir kawai, kada wanda ya taɓa ko ya shinshina ko ya kawo makaranta. Ku tara adadin a allo unguwa-unguwa, 'yan aji su yi jimla, sa'an nan su rubuta wasiƙa da hannunsu zuwa ga kansilan mazaɓa, ta hannun hedimasta, a kai kwafi ɗaya wurin mai unguwa. Wanda ya sami amsa ya kawo wa Edita, za a buga ta a fitowa ta gaba.