Lamba Gagara-Rabo da Koyar da Ita Cikin Hausa

Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai-wa-daida sai da 1 ko da kansu, kamar 2, 3, 5, 7 da 13. Idan malami a Anka, Gummi ko Bukkuyum ya ba ɗalibai goro 12, za su kasa shi kashi biyu, uku, huɗu ko shida ba tare da saura ba. Goro 13 kuwa, duk yadda aka kasa shi sai an sami ragowa, in ba ɗai-ɗai aka kasa ba. Ana iya kiran irin wannan lamba gagara-rabo, bisa ƙirar harɗaɗɗun sunaye irin su gagara-badau da gagara-gasa. Wannan ya fi aron kalmar Ingilishi wadda yaro zai haddace alhali bai san ma'anarta ba.

Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin lissafi Yuklid ya tabbatar da cewa waɗannan lambobi ba su da iyaka. A Oktoba 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano wata mai alƙaluma 41,024,320. Ana samun ta ne idan aka jera 2 guda 136,279,841, aka ninka su da juna, sannan aka cire 1.

Lamba mai wannan ƙira ba ta zama gagara-rabo sai in adadin jerin shi ma gagara-rabo ne. Sai dai nan ne ɗalibai kan yi tuntuɓe, domin sharaɗin bai wadatar ba: jerin 2 guda 11 yana ba da 2,048, idan aka cire 1 saura 2,047, wato 23 sau 89.